Mun taho da kunya, mun baro kaka

Bayan maganar naman halal da ta bashin banki na sayen gida, tambayar da iyaye maza suka fi kai wa malamai a nan Lyon ita ce ta waya: ya halatta a saya wa yaro salula mai intanet, ko a hana shi? Ana yin ta a ɗakin karatun Asabar a Vénissieux, ana yin ta a walimar suna a Villeurbanne, kuma amsar kusan ɗaya ce kullum, wai waya kayan aiki ce, hukuncinta yana bin abin da aka yi da ita. Amsar ba ta da aibu. Tambayar ce nake ganin ta zo a karkace. Wadda ke hana ni barci ita ce: idan yarinya 'yar shekara 14 ta kwana da baƙin ciki a hawa na tara a bayan garin Paris, a wuyan wa alhakin saurarenta yake ranar gobe? Uwa da uba kaɗai, ko har da mu da muke cin tuwon sunanta muna watsewa?

Su ma Faransawa da tambayar farko suka fi shagala. Tun Satumbar 2018 doka ta hana amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare. A Yulin 2023 wata doka ta ce sai da izinin iyaye yaron da bai kai 15 ba zai buɗe shafin sada zumunta, amma dokar ta maƙale saboda ta ci karo da dokokin Tarayyar Turai. A ƙarshen Afrilun 2024 wani kwamiti da Shugaba Macron ya kafa, ƙarƙashin likitar ƙwaƙwalwa Servane Mouton da likitan masu jarabar shaye-shaye Amine Benyamina, ya miƙa shawarwarinsa: kada jariri ya kalli allon na'ura kafin shekara 3, ba waya kafin 11, ba intanet a wayar kafin 13, ba shafukan sada zumunta kafin 15. A Nuwamban wannan shekarar iyalai bakwai suka kai TikTok ƙara a kotun Créteil, suna cewa manhajar ta yi ta turo wa 'ya'yansu bidiyon yankan jiki da ƙin cin abinci da kashe kai. Biyu daga cikin yaran sun riga sun hallaka kansu suna da shekara 15. Wanda ya ga fuskokin iyayen nan a talabijin ba zai ce waya ba ta da laifi ba, ni ma ba zan faɗa ba.

Sai dai in ka bi alƙaluman masu bincike a tsanake, za ka ga abin ba a miƙe yake ba. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Turai ya fitar da rahoto a 2024 kan yara kusan 280,000 masu shekara 11 da 13 da 15: waɗanda shafukan suka zame musu jaraba sun ƙaru daga kashi 7 cikin ɗari a 2018 zuwa 11 a 2022, mata sun fi maza, 13 da 9. Adadi ne mai tayar da hankali, amma yana nufin mafi yawan yaran suna riƙe da wayar ba su faɗa ba. Kafin nan, a 2019, Amy Orben da Andrew Przybylski na jami'ar Oxford sun tace bayanan matasa sama da 350,000 na Amurka da Birtaniya, suka ce yawan amfani da na'ura bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalar yara ba, abin da suka ce bai wuce alaƙar cin dankali da walwala da wani abin kirki ba. Tsangwamar abokan makaranta ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Akwai masu ja da su, irin su Ba'amurke Jonathan Haidt, kuma har yau ba a gama gardamar ba. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, waya ɗaya ce a hannun yara biyu, ɗaya ya tashi lafiya ɗaya ya nutse, kuma sau da yawa abin da ya raba su shi ne ko akwai wanda yake tambayar su yaya suka kwana yana kuma jiran amsa. Ba sabon zance ba ne a ƙasar nan. Tun 1897 Émile Durkheim ya nuna a littafinsa kan kashe kai cewa inda mutane ke ɗaure da juna, ta iyali ko ta addini, abin yana raguwa, inda igiyar ta saki yana ƙaruwa.

To mu wace igiya muka taho da ita?

Yayana yana zaune a Saint-Denis, a bayan garin Paris. Gadi yake yi da dare. Matarsa tana fita kafin asuba ta shiga jirgin ƙasa zuwa sharar ofisoshi, ta dawo a gajiye ta ɗora tukunya. 'Yarsu ta fari ita ce wadda nake magana a kanta. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, kuma ba ƙiyayya ba ce, kowane Bahaushe ya san alkunyar ɗan fari. "Ke" yake cewa, ko "yarinyar nan". Ba ya zama kusa da ita, ba ya wasa da ita a gaban mutane. Haka mahaifinmu ya yi wa shi Yayan a Maradi, kuma bai tashi da wani tabo ba. Amma a Maradi kunyar uba ba ita kaɗai take tafiya ba. Akwai kaka da za ta kira jikanyarta kishiya ta ce ta zo ƙwace mata miji, a yi dariya, a cikin dariyar yarinya ta faɗi abin da ba za ta iya faɗa wa uwarta ba. Akwai kawu da za a gudu gidansa in an yi laifi, akwai goggo, akwai taubasai da aka halatta musu tsokana, akwai maƙwabciya da za ta leƙo ta katanga ta ce wa uwar, "Wance, 'yarki ta rame, kin lura kuwa?" Sau da yawa ma ɗan fari ba a hannun iyayensa yake tashi ba, riƙo ake ba da shi. Waɗanda suka tsara mana wannan zama sun san uba mai kunya ba zai ji cikin ɗansa ba, shi ya sa suka buɗe wa yaron wasu ƙofofi da yawa. Mu da muka hau jirgi, kunyar ta shiga akwati ta biyo mu. Kaka kuwa ba a ba ta biza ba.

A hutun Toussaint na ƙarshen Oktoba aka sako min ita a jirgin TGV, tafiyar awa biyu, na tare ta a tashar Part-Dieu. Uwarta ta ce wai ta yi taurin kai, ba ta cin abinci, kullum tana ɗaki da waya, ko canjin iska zai yi mata amfani. Kwanakin farko ban ji komai daga bakinta ba sai "i" da "a'a". Ranar Asabar muka je unguwar Guillotière na sayo zogale busasshe da tsakin masara da ƙuli, na ce dambu za mu yi. Na zuba mata zogalen a faranti ta tsince ƙananan itatuwan da ke ciki. Kanta a sunkuye, yatsunta suna aiki, ni ina yanka albasa na ba ta baya, sai ta soma magana da Faransanci tana tsoma Hausa jefi-jefi. 'Yan ajinsu suna da zaure a Snapchat. Wani ya ɗauke ta hoto tana cin abinci a kantin makaranta, aka yi wa hoton rubutu, aka yi ta yawo da shi. Daga baya ta gane an buɗe wani zauren dabam, kowa yana ciki ban da ita. Da dare in barci ya ƙi, sai ta shiga TikTok, kuma tun da ta tsaya kan bidiyon wata yarinya mai kuka sau ɗaya, irinsu kaɗai ake turo mata har ƙarfe uku.

Na ce, "Me ya hana ki gaya wa Babanki?"

Ta ce, "Goggo, ƙwace wayar zai yi."

Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Kuma a cikin wayar nan da ake yanka ta, a nan ne kaɗai take da mai jin ta: 'yar ƙanwar uwarta da ke Yamai, sa'arta, wadda suke aika wa juna saƙon murya kowane dare. Ƙwace wayar zai raba ta da masu zaginta, ya kuma raba ta da mutum ɗaya tilo da ya san halin da take ciki. Wannan lissafin ne yaranmu suke yi su yi gum, mu kuma muna ce musu masu taurin kai.

Da na kira Yaya na ce masa yarinyar nan ba ta da lafiya, sai ya ce, "Me ta rasa? Ci ko sha ko sutura? Mu da muka taka ƙasa ba takalmi zuwa lakwal ba mu san wannan ciwon ba. Ta riƙe salla da azkar, shaiɗan ne." Ban yi masa musu kan salla ba. Na dai ce, "Yaya, Annabi Yaƙub ya fi mu salla." Suratu Yusuf ta ba mu labarin annabi ɗan annabi da baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai shi ga rasa gani, kuma ba a zarge shi da raunin imani ba. Malaman sira sun sa wa shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu suna shekarar baƙin ciki. Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin ƙanin Anas ɗan Malik, yaro ƙarami da ake wa alkunya da Abu Umair, wanda ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da duk nauyin al'umma a kansa, ya lura yaron ya yi jugum, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Ba ɗansa ba ne. Ba a kuma ce masa me ka rasa ba. Malamai sun ciro hukunce-hukunce da dama daga wannan hadisin, ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne babba ya ɗauki ɓacin ran yaron wani a matsayin abin da ya cancanci a tsaya masa.

Daga nan ne nake ganin sauraren yaro, a irin zaman da muke yi a Turai, ya kusa zama farilla ta kifaya, irin wadda in wasu suka yi ta sauka a kan kowa, in kowa ya bari kowa ya ɗauki zunubi. Ni ba malama ba ce, ba fatawa nake bayarwa ba. Amma mun san wannan hukuncin sarai a kan gawa. Kusan kowace ƙungiyar 'yan Afirka ta Yamma a Paris da Lyon tana da asusun mayar da mamaci gida. Ana biyan kuɗin shekara ba fashi, in an yi rasuwa kafin magariba an haɗa masu wanka, an kira kamfanin jirgi, mata sun cika gidan makoki da kuloli. Ban taɓa ganin mun gaza a nan ba, kuma abin alfahari ne. To rayayyen yaro da ke narkewa a ɗaki fa? Shi an bar wa iyayensa biyu, waɗanda ɗaya yana barcin rana ɗaya tana goge tebur a ofisoshin La Défense. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma a aikace gawa ce ta kowa.

Wani dattijo ya taɓa ce min ai kaɗaici ba laifi ba ne, waliyyai ma halwa suke shiga. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u kan ladubban keɓewa daga mutane, gaskiya ne, amma ya ware wani kan ladubban abota da 'yan'uwantaka, kuma ya lissafa abubuwan da mai keɓewa yake asara, ciki har da koyo da tarbiyya da gogewa da mutane. Halwa ta wanda ya riga ya cika ce, ya zaɓe ta da kansa. Blaise Pascal, wanda ya rasu a Paris a 1662, yana ganin yawancin wahalar ɗan Adam daga kasa zama shiru a ɗaki take, shi ya sa yake neman abin ɗauke hankali. Da ya ga yaran yau, da ya tarar sun zauna a ɗakin, amma sun shigo da kasuwa gaba ɗaya cikin bargo. Yarinyar da ke kwance da waya ƙarfe uku na dare ba ta samu natsuwar mai halwa ba, ba ta kuma samu ɗumin jama'a ba.

Akwai wani titi a gabashin Lyon mai suna Pinel, sunan likitan nan Philippe Pinel da ake danganta wa kwance sarƙoƙi daga masu taɓin hankali a asibitocin Paris a ƙarshen ƙarni na 18. A kan titin nan Babban Masallacin Lyon yake, wanda aka buɗe a 1994. A kansa kuma, in ka ɗan taka, asibitin ƙwaƙwalwa na Vinatier yake. Mutanenmu sun san ƙofar farko, ta biyun kuwa ko sunanta ba a son ambata, kada a ce 'yar wane ta haukace, wa zai aure ta. Alhali neman magani umarni ne a addininmu, kuma babu inda aka ce ciwon zuciya ba ya ciki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda wasu likitocin ƙasar nan suka gane abin da muka yar. A Paris, a kan titin Port-Royal, akwai Maison de Solenn, gidan kula da matasa na asibitin Cochin da aka buɗe a 2004. Farfesa Marie Rose Moro, wadda ta karɓi ragamarsa a 2008, ita kanta 'yar baƙin haure ce daga Sifen, kuma ta yi suna da wani salon ganin 'ya'yan baƙi: maimakon a shigar da yaro shi kaɗai gaban likita, sai a zauna a da'ira, iyaye da dangi da tafinta mai jin harshen gida da masu jinya da yawa, kowa ya kawo yadda ake fassara irin wannan ciwo a garinsu. Wato zaman tsakar gida ne suka sake ginawa da kuɗin gwamnati.

Ba zan yi mana kwalliya ba, yaran suna da hujjar gudun mu. Jama'ar da nake kira ta zo ta saurara, ita ce kuma mai gulma. Yarinya ta gaya wa wata "tanti" sirrinta da la'asar, kafin isha ya shiga zauren WhatsApp na mata, kafin asuba an ji shi a Zinder, washegari kaka ta bugo tana kuka a maido ta gida a yi mata aure. Barazanar "za mu mayar da ke gida" ta rufe bakin yara da yawa a unguwannin nan. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane, ta hana cin naman wani a bayansa, ta umarci a tantance labari kafin a yi aiki da shi, kuma ban ga inda aka ce waɗannan hukunce-hukuncen sun tsaya a kan manya sun tsallake yara ba. Mu manyan ma ba mu tsira daga wayar ba. Kowa a Faransa ya san yadda aka kai ga kashe malamin makaranta Samuel Paty a Oktoban 2020: ƙarya ce 'yar shekara 13 ta yi don ta ɓoye wa iyayenta ainihin dalilin da ya sa aka kore ta na kwana biyu, uban ya ɗauki bidiyo ya watsa ba tare da ya bincika ba. Ƙaryar ta yarinya ce, amma wayar da ta kunna wutar a hannun babba take.

Saboda haka goggon da ake bukata ba kowace mai zani da ɗankwali ba ce. Sai wadda ta san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kuma a nan akwai wani ƙulli da na daɗe ina juyawa: sirrin yaro amana ne, to yaushe ake karya shi? Abin da na tsaya a kai, na kuma gaya wa ita yarinyar tun a ranar dambun, shi ne duk abin da ta faɗa min ya tsaya a wurina, sai abu ɗaya. In ta fara tunanin cutar da kanta, zan nemi taimako, kuma da saninta zan yi, ba a bayan idonta ba. Kare rai yana gaba da kare sirri. Na sa ta adana lambobi biyu a wayar: 3018, ta masu taimakon yaran da ake tsangwama a intanet, waɗanda suke iya sa a sauke hoto da gaggawa, da 3114, ta rigakafin kashe kai, wadda aka buɗe a Oktoban 2021, kyauta dare da rana. Na kuma gaya wa Yaya cewa tun Maris na 2022 tsangwamar ɗan makaranta laifi ne a dokar Faransa, yana da haƙƙin shiga ofishin shugaban makaranta ya buga tebur. Wannan ya fi masa sauƙi a kan zama da 'yarsa, kuma ya yi shi, ya sa babbar riga ya tafi.

Wayar tana hannunta har yanzu, sai dai tana kwana a kicin tare da ta uwarta da ta ƙannenta, sharaɗin da ta yarda da shi don bai ware ta ita kaɗai ba. Tana ganin wata mai ba da shawara a gidan matasa na yankinsu. Muna magana ranar Lahadi. Na san zumunta a ƙafa take, kuma kiran bidiyo ba ya nuna min ko ta rame, shi ya sa duk hutun makaranta nake matsa wa a sako min ita, ko ni in hau jirgin. Yaya har gobe bai kira sunanta ba, ba na kuma sa ran zai kira.

Waɗanda suka fi damuna yanzu samari ne. Yarinya ko ba komai tana shiga kicin, kuma a kicin ana magana. Yaro ɗan shekara 15 a Minguettes ko Vaulx-en-Velin, ubansa yana aiki, kawunsa yana Agadas, limamin unguwa ba ya jin irin Faransancinsa, wa zai ba shi abin tsinta ya juya masa baya ya saurara? Wanda yake samu shi ne mai wa'azin minti ɗaya a TikTok da ba a san malaminsa ba, ko mai koya masa cewa namiji ba ya kuka, kuɗi da mota su ne mutunci. A taron ƙungiyarmu na baya na kawo shawara cewa kowane magidanci ya ɗauki yaro ɗaya da ba nasa ba, ya riƙa fita da shi ko sau ɗaya a wata, ko kallon ƙwallo ne, ko cin kebab, ba wa'azi, ba kai rahoto ga uban. Aka ce shawara ce mai kyau, Allah ya yi albarka. Wani ya tambaya ko matar aure za ta yarda mijinta ya kashe kuɗi a kan ɗan wani. Wani ya ce a nan ƙasar in ka cika kusantar yaron da ba naka ba sai a zarge ka, kuma wannan ma gaskiya ne, dole a yi shi da sanin iyaye, a fili. Daga nan ma'aji ya tashi ya karanta sunayen waɗanda ba su biya kuɗin asusun gawa ba, gardama ta kaure kan ƙarin Yuro 10, lokacin da aka ba mu ɗakin ya ƙare. An ce a dawo da maganar yaran bayan Salla.